Wainar Wata a Tarihin Ƙasar Sin

A daren goma sha biyar ga watan takwas na kalandar gargajiya ta Sinawa, watau wajejen Satumba ko farkon Oktoba, akan yi bikin tsakiyar kaka. A daren nan wata yakan cika, iyali su taru a tsakar gida suna kallonsa, suna cin wani abinci da suke kira yuebing, ma'ana wainar wata. Kada mai karatu ya ɗauka irin wainarmu ta shinkafa ce. Wannan da garin alkama ake yin ta, a cusa mata niƙaƙƙen jan wake ko 'ya'yan wani tsiro mai kama da bado, wani lokaci har da gwaiduwar ƙwan agwagwa mai gishiri, a danna ta cikin sassaƙaƙƙen katako don ta fito da zane, sannan a gasa.

In ka tambayi asalinta, labarin da za a fara ba ka shi ne na zamanin daular Yuwan (1271 zuwa 1368), lokacin da Mongolawa suke mulkin Sin. Wai masu tawaye sun rasa hanyar aika saƙo, sai Liu Bowen, mashawarcin Zhu Yuanzhang, ya sa aka ɓoye 'yan takardu a cikin waina aka rarraba gida gida, ana sanar da daren da za a tashi. Labarin akwai daɗin ji. Gaskiya ne Zhu Yuanzhang ya kori Mongolawa, ya kafa daular Ming a 1368, amma rubuce-rubucen wancan zamani ba su ambaci wata waina ba. Mu ɗaliban adabi mun san sunan irin wannan, tarihihi ke nan. Wasu masana suna ganin ya yaɗu ne a ƙarshen daular Cing, sa'ad da Sinawa suke neman kawar da sarakunan Mancu, waɗanda su ma baƙi ne daga arewa. Ashe ke nan ana ambaton Mongolawa ne, alhali da Mancu ake.

Abin da takardu suka tabbatar bai kai wannan armashi ba. Sunan yuebing ya fito a littafin Wu Zimu, wanda ya bayyana rayuwar birnin Hangzhou a ƙarni na 13, kuma a can an lissafa ta ne kawai cikin abincin da ake sayarwa a kasuwa. Sai a zamanin Ming ne marubuta suka nuna mutane suna aika wa juna ita ranar bikin, domin kewayenta ya yi kama da cikakken wata, alamar iyali sun haɗu. A wasu gidaje akan yanka ta daidai da yawan mutanen gidan, har wanda yake tafiya a ajiye masa rabonsa.

Wannan al'ada ta kyauta ita ta ɗore, ita ce kuma ta jawo magana daga baya. Da arziki ya ƙaru, sai aka riƙa saka wainar a akwatuna masu tsada ana kai wa manyan ma'aikata, toshiyar baki da sunan zumunci. A 2008 gwamnati ta mai da bikin ranar hutu, a 2013 kuma ta hana ma'aikatu sayen wainar wata da kuɗin hukuma don rabawa.