Wa ke duba wa marubuci aikinsa? Daga Zariya ta 1933 zuwa wayar hannu

Ƙanwata da ke Kura ta turo mini babi na goma sha biyu na labarin da take sakewa a wani zauren WhatsApp. Ta haɗo da saƙonnin masu karatu, kusan duk abu ɗaya suke cewa: Allah ya ƙara basira, a ƙaro mana. Ba wanda ya lura cewa yarinyar da aka ce marainiya ce a babi na biyu ta je gaishe da mahaifinta a babi na tara. Da na nuna mata sai ta ce, "Yaya, kai kaɗai ka taɓa ce mini na yi kuskure."

Ni aikina rubuta manhajar kwamfuta, kuma a sana'armu ba a shigar da abin da ka rubuta cikin babban aiki sai wani ya bi shi layi-layi. Wannan ya sa na waiwayi tarihin ƙagaggen labarin Hausa da tambaya ɗaya: wa yake duba wa marubutanmu aiki?

A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta labari da boko. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. East ba alƙalanci kawai ya yi ba. Yana gyara, yana matsa wa marubutan su yi Hausa mai sauƙi, har Jiki Magayi ya fito da sunansa tare da na John Tafida. A 1936 aka ɗauko Imam daga koyarwa a Midil ta Katsina zuwa Zariya, aka tara masa littattafan tatsuniyoyin Larabawa da na Indiya da na Turai, ya karanta, ya sake ƙera su da tunanin Bahaushe. Sakamakon shi ne Magana Jari Ce. Ana iya sukar manufar Turawan mulki a wannan aiki, amma darasin yana nan: Imam ya yi karatu mai yawa, kuma akwai mai ce masa sake wannan shafin.

Bayan 'yancin kai gasa ta ci gaba da zama ƙaimi. Gasar kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya, ba na man fetur ba, ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina a 1980. Gasar Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ta ba mu Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare a 1982. Duk waɗannan sun bi ta hannun alƙalai da editoci kafin su isa kasuwa.

Sai tattalin arziki ya karye. Da tsarin SAP na 1986 takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma kan littattafan makaranta. Matasa ba su jira ba, suka riƙa kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u a Kano da kuɗin aljihunsu. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya biyo da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990. Edita ya ɓace, amma marubutan sun nemi madadinsa. Suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya da Jigon Hausa, suna taimakon juna wajen bugu da rarrabawa. Suna sa adireshi a littafi, masu karatu suna aiko da wasiƙu. Gidajen rediyo suna karanta littattafan, marubuci ya ji da kunnensa inda jimlarsa ta yi tuntuɓe.

Suka ma ta yi nata aikin. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa littattafan sunan Adabin Kasuwar Kano, yana ganin ba za su daɗe ba. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka kare su, aka yi shekaru ana fafatawa a jaridu, musamman a filin adabin da Ibrahim Sheme yake kula da shi a New Nigerian ta ƙarshen mako. Maganganun sun yi zafi, amma sun tilasta wa marubuta kula da ƙa'idojin rubutu da zurfin jigo. Alhaki Kwikwiyo na Balaraba, wanda ya fito daga wannan kasuwar da aka raina, an buga fassararsa ta Turanci a Indiya a 2012.

Sai dai a bambance gyara da takurawa. A 2007 an ƙona littattafai a Kano da sunan gyaran tarbiyya, daga baya hukumar tace finafinai ta nemi marubuta su yi rajista. Mai tacewa yana tambayar ko an halatta a faɗi abu. Edita kuwa yana tambayar ko an faɗe shi da kyau. Tsoro bai taɓa gyara wa kowa jimla ba.

Yau waya ta cire kuɗin maɗaba'a, ta kuma cire jira. Ana rubuta babi da rana a sake shi da dare a WhatsApp ko Wattpad. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara wa mata a 2016, wadda Aisha Muhammad Sabitu ta fara lashewa da labarin Sansani, ta dawo da alƙalai da iyakar yawan kalmomi. Amma sau ɗaya ake yin ta a shekara, marubutan waya kuwa kullum suna rubutu.

Mu da muka tashi tsakanin Kura da Bunkure mun san cewa ruwan Tiga ba ya isa gonar ƙarshe sai an yashe kanal, an sare kacalar da ta toshe shi, kuma ba mutum ɗaya ke yin wannan aikin ba. Shawarar da na ba ƙanwata daga tarihin nan na ɗauko ta. Ta nemi marubuta biyu ko uku su riƙa musayar babi kafin a sake shi, da sharaɗin kowa ya nuna kuskure uku. Ta karanta babin da ƙarfi a gaban wani. Ta ajiye shi ya kwana biyu. Ta karanta littattafan da suka girme ta, kamar yadda Imam ya yi.

Ta ce masu karatu za su yi ƙorafin jinkiri. Na ce za su yi. Babi na goma sha uku ya makara da kwana huɗu, kuma kafin ya fita ta koma babi na tara ta mayar da mahaifin nan kawu.