Dokar Zubar da Ciki a Ƙasar Benin: Wa Ke da Ta Cewa?

Parakou da Djougou tsofaffin zanguna ne na fataken Hausawa masu zuwa Gwanja sayen goro. A zamanin da, in ciki ya zama abin damuwa a gida, maganar ba ta wuce uwa, da unguwarzoma, da dattawan gida, wani lokaci da malamin unguwa. Abin da aka yi a ɓoye ake yinsa, wadda ta mutu kuwa a rufe ta, a rufe zancen. Tun daga zuwan Turawa, sau uku ana rubuta wa mutanen nan doka a kan al'amarin, kowane karo kuwa daga nesa ta zo.

Ta fari daga Faransa ta fito. Bayan Yaƙin Duniya na Farko, Faransa ta ga ta yi hasarar mutane da yawa, sai ta kafa doka ran 31 ga Yuli 1920, ta hana zuga mace ta zubar da ciki, ta kuma hana tallar maganin hana ɗaukar ciki. Aka ɗora dokar a kan ƙasashen da take mulka, har da Dahome. Dahome ta sami mulkin kai a 1960, amma ta riƙe dokar. A 1975, shekarar da ƙasar ta sake suna ta zama Benin, Faransa kanta ta halatta zubar da ciki. Mai dokar ya sake ta, wanda ya gada yana nan riƙe da ita.

Ta biyu ita ce dokar 3 ga Maris 2003, a zamanin Shugaba Mathieu Kérékou. Ta yarda a zubar da ciki a hali uku kaɗai: in cikin zai halaka uwar ko ya lalata lafiyarta, in fyaɗe ne ko kwana da muharrami ya kawo shi, ko kuwa in ɗan da ke cikin yana da mugun ciwo. A nan yawancin shawarar tana hannun likita.

Ta uku ce ta ta da ƙura. A watan Oktoba 2021 gwamnatin Shugaba Patrice Talon ta nemi majalisar dokoki da ke Porto-Novo ta gyara dokar. Ministan lafiya, Benjamin Hounkpatin, wanda shi kansa likitan mata ne, ya ce mata wajen 200 suke mutuwa kowace shekara saboda zubar da ciki a ɓoye. Masu goyon bayansa suka ce hani bai hana ba, sai dai ya tura 'yan mata wurin masu jiƙe-jiƙe da likitocin bayan gida. Taron bishop-bishop na Katolika, wanda Pascal N'Koué babban bishop na Parakou yake cikinsa, ya ƙi gyaran, gama rai na Allah ne tun daga cikin uwa, akwai kuma hanyoyin taimakon mace ba tare da an taɓa ɗan ba. Shugaban majalisar kansa, Louis Vlavonou, bai yarda ba. Duk da haka gyaran ya wuce, aka sa masa hannu ran 20 ga Disamba 2021.

Sabuwar dokar ta ce mace tana iya neman a zubar mata da ciki kafin ya wuce mako 12, in zai jefa ta cikin ƙuncin abin hannu, ko na karatu, ko na aiki, ko na zuciya. Shawara ta tashi ke nan daga hannun likita ta koma hannun mai cikin. A 2023 gwamnati ta shimfiɗa sharuɗɗa: likita ko unguwarzoma ko nas mai izini ne kaɗai zai yi, a asibitin da aka amince da shi, wanda addininsa ya hana shi kuwa ba za a tilasta masa ba.

Akwai abin lura game da majalisar da ta yanke hukuncin. 'Yan majalisa 83 ne, dukansu daga jam'iyyu biyu masu goyon bayan shugaban ƙasa, domin ba a bar 'yan hamayya sun shiga zaɓen 2019 ba. Ba a kuma kira jama'a su jefa ƙuri'a a kan maganar ba. Shi ya sa muhawarar ba ta ƙare da sa hannu ba, musamman a arewa, inda Kirista da Musulmi suke zaman maƙwabtaka, koyarwar ikilisiya da ta masallaci kuwa ta kusanci juna a kan darajar ɗan da ke ciki.

Amma tarihin nan yana da wani darasi. Shekara 83 hani yana tsaye, daga 1920 zuwa 2003, bai hana mata mutuwa a ɗaka ba. Halattawa kuma ba ta kawar da abin da ke kai yarinya ga wannan shawara: tsoron uba, da barin makaranta, da namijin da ya yi cikin ya gudu, da gorin unguwa. Ba majalisa ce take kawar da waɗannan ba. Ikilisiyar da ke koyar da cewa ran jariri abu ne mai tsarki, aikinta ne ta karɓi uwar, ta nemi uban ya ɗauki nauyinsa, ta tsaya sai yarinyar ta koma aji. Inda aka yi haka, da wuya maganar ta kai ga likita ko alƙali.