Ƙarin ruwa bayan tiyatar jijiyoyin zuciya: amfaninsa da haɗarinsa

Tiyatar da likitoci ke kira baifas ita ce a ɗebo jijiya daga ƙafa ko ƙirji a yi wa jini sabuwar hanya, ya kewaye inda jijiyar zuciya ta toshe. Likita René Favaloro, ɗan Ajantina, shi ne ya daidaita wannan aiki a Cleveland ta Amurka a 1967. Sau da yawa akan tsayar da zuciya yayin aikin, a miƙa jinin ga wani inji da ke yin aikin zuciya da huhu.

Daga wannan injin ne matsalar ruwa ke farawa. Da jini ya ratsa bututunsa, sai jiki ya ɗauka an kawo masa hari, ƙananan jijiyoyi su riƙa yoyo, ruwa ya tsiyaye cikin tsoka. Ga jinin da aka zubar, ga jijiyoyi na buɗewa idan jiki ya fara ɗumi bayan sanyin ɗakin tiyata. Sai ka ga majiyyaci ya kumbura, alhali jijiyoyinsa ba su cika ba.

A wajenmu ana kallon ƙarin ruwa kamar maganin kowace gajiya, amma a nan da awo ake bayar da shi. In ya yi kaɗan, ƙoda ta rasa jini. In ya yi yawa, ya taru a huhu, a daɗe kan injin numfashi, zuciyar da ba ta gama farfaɗowa ba ta sha nauyi. Don haka akan sa kaɗan a duba bugun jini da yawan fitsari, wanda ake so ya kai rabin mililita a kowace awa ga kowane kilo na nauyin jiki. Idan bugun jini ya ƙi tashi, a nemi wani dalili: zubar jini a ciki, ko jini ya taru ya matse zuciya.

Wane ruwa za a sa? An daɗe ana jayayya tsakanin ruwan gishiri irin su Ringer da kuma albumin mai tsada. Binciken ALBICS da aka yi a Helsinki, aka wallafa a 2022, ya bi mutum 1,386, bai kuma ga albumin ya rage manyan matsaloli ba.

Labarin ruwan sitaci na HES ya fi muni. Likitan Jamus Joachim Boldt ya yi shekaru yana yabonsa, kafin a gano maguɗi a bincikensa, a janye takardunsa da dama. Manyan gwaje-gwaje biyu na 2012 sun nuna yana lahanta ƙoda ga masu jinya mai tsanani, kuma a 2022 Tarayyar Turai ta ba da umarnin dakatar da shi.