Ƙaramar Kwamfutar Tebur a Tasawa da Mayahi: Nazari Kan Zaɓen Kayan Haɗi

Mai haɗa ƙaramar kwamfutar tebur a Turai yakan fara da batun gudu: wace furosesa ce ta fi sauri, wane katin hoto ne zai shiga akwatin. A Tasawa da Mayahi kuwa, masu buƙatar na'urar su ne masu shagon buga takardu, ma'aikatan ofishin magajin gari, malaman makaranta da masu tace bidiyon biki. Abin da ke yanke musu hukunci uku ne: wuta, zafi da ƙura, da nisan kasuwar kayan gyara. Don haka nazarin nan ya bi kayan haɗin ta wannan tsari, ya bar gudu a ƙarshe.

Wuta

Wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa a wannan yanki ta daɗe tana dogara da layin kilobolt 132 da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa zuwa Maradi da Damagaram. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta yanke wutar a watan Agusta, ba ta maido ba sai Maris 2024. Ƙauyuka da dama kuma layin bai taɓa isa gare su ba, sola da batir suke amfani da su.

Lissafin bai da wuya. Batirin bolt 12 mai amfiya-awa 100 yana riƙe wat-awa 1,200, amma idan na dalma ne, rabi kawai ake sha don kada ya mutu da wuri, wato 600. Kwamfutar da ke jan wat 150 za ta cinye wannan cikin awa 4. Wadda ke jan wat 30 za ta kai awa 20, ban da abin da allon kallo da injin buga takarda ke ci. A nan ƙaramar kwamfuta ta yi wa babba fintinkau.

Wannan ne ya sa furosesa mai wat 35, irin ta Intel da lambarta ke ƙarewa da harafin T, ta fi dacewa da aikin ofis. Intel N100 da ta fito a 2023 wat 6 ce kacal, kuma ta isa buga wasiƙa da shiga intanet. Mai tace bidiyo zai iya hawa zuwa wat 65, kamar Ryzen 5 5600G ta AMD, wadda katin hotonta yana cikinta. Sayen katin hoto daban yana iya ninka cin wuta, ga shi sau da yawa ba ya ma shiga siririn akwati.

Akwai kuma batun akwatin wuta. Ƙaramin samfuri da ake kira SFX ya fi na ATX tsada da wuyar samu. Na'urar da ke shan wuta ta caja ta waje, kamar kwamfutar tafi-da-gidanka, ta fi sauƙin sha'ani: idan wuta ta yi tsalle, galibi cajar ce ke ƙonewa, a sauya ta a ci gaba. Duk da haka, na'urar daidaita wuta tilas ce.

Zafi da ƙura

A watannin Afrilu da Mayu zafin yankin yakan wuce digiri 40, shagon da aka rufa da kwano kuma ya fi waje zafi. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa kan ƙarfen sanyaya. Furosesar da ke aiki a digiri 75 cikin ɗaki mai digiri 22 za ta haura 90 idan ɗakin ya kai 40, kuma daga digiri 95 zuwa 100 takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Ke nan wanda ya zuba kuɗi ya sayi mai ƙarfi ya cusa ta a matsattsen akwati, a bazara gudun mai araha zai samu.

Da hunturu kuma ƙura ce ke shiga. Duk mai gyaran da ya buɗe ƙaramar kwamfuta a watan Fabrairu ya san abin da zai tarar: jar ƙura ta dunƙule tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya kamar audugar katifa, fanka na kuka amma iska ba ta wucewa. Saboda haka akwatin da murfinsa ke buɗewa da ƙusa ɗaya, mai ragar tace ƙura da ake cirewa a kakkaɓe, ya fi mai ƙyalli amfani. Wajen ajiya ma SSD ta fi tsohon faifai mai juyawa: ba ta da abin da ke motsi, kuma ba ta cin wuta sosai. Samfurin M.2, mai faɗin milimita 22 da tsawon 80, a jikin uwar allo yake kwanciya, ba ya buƙatar waya.

Kayan gyara

Uwar allo ta Mini-ITX, wadda kamfanin VIA ya ɓullo da ita a 2001, santimita 17 ce kowane gefe, ramin RAM biyu gare ta, ramin kati ɗaya. MicroATX mai santimita 24.4 ta fi ta girma, amma ta fi araha da yawa a kasuwa. Wannan bambanci yana da nauyi ga wanda in kayansa ya lalace sai ya aika Maradi, ko ma Kano ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya.

Hanya ta uku ita ce ƙananan kwamfutocin ofis na hannu: Dell OptiPlex Micro, Lenovo ThinkCentre Tiny da HP EliteDesk Mini, waɗanda girmansu bai fi lita ɗaya da ɗan abu ba. Suna da ƙarko, kuma RAM ɗinsu irin ta kwamfutar tafi-da-gidanka ce, wadda masu gyara ba sa rasawa. Aibinsu shi ne uwar allonsu ta kamfanin ce kaɗai, in ta mutu ba a maye ta da ta wani. Sai kuma a duba shekaru: Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana neman furosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama. Araha ba ta ado. Abin da ya gaza zubi na 8, sai dai a ɗora masa Linux.

Hukunci

Ga shagon buga takardu ko ofis a Tasawa da Mayahi, abin da ya fi dacewa shi ne furosesa mai wat 35 ko ƙasa, RAM gigabait 8 zuwa 16, SSD, da caja ta waje. Mai tace bidiyo ya ɗauki microATX da furosesa mai wat 65 a akwatin da iska ke ratsawa. Kafin mai saye ya tambayi gudun na'ura, ya fara tambayar wat nawa take ja, yaya ake buɗe ta a share, kuma a ina ake samun cajarta in ta ƙone.