Libarbar gado a Adar: karanta shekarunta da sanin darajarta

A wasu tsofaffin gidaje na Tawa da na arewacin Adar, cikin kayan gado, tare da takubba da masu da linzamai, akan tarar da ƙaramar bindiga mai juyi, wadda Hausawa ke kira libarba. Idan an tambayi asalinta, sau da yawa sai a ce tun zamanin kaka da kakanni take, wani ma ya kai ta har yaƙe-yaƙen Jelani. To amma ƙarfe yana da nasa bakin, kuma ya kamata mai binciken tarihi ya saurare shi kafin ya rubuta abin da aka faɗa masa.

Da farko dai akwai iyakar da ba ta ƙetaruwa. Agabba ya ci Adar wajen 1674, Jelani ya yi zamaninsa a farkon ƙarni na 19, kamar yadda Djibo Hamani ya bayyana a littafinsa na 1975 kan tarihin Adar. Shi kuwa Samuel Colt sai a 1836 ya sami takardar mallakar wannan ƙira a Amurka. Ke nan babu libarbar da ta ga Agabba ko Jelani. Yaƙin wancan lokaci na doki ne da mashi da kibiya. Ko bayan haka, yarjejeniyar Burusal ta 1890 ta taƙaita sayar wa mutanen wannan yanki na Afirka makaman zamani, aka bar musu bindiga mai ƙyastu da albarushin fatauci. Saboda haka babbar ƙofar shigowar libarba ita ce sojan Faransa, waɗanda suka ƙone Birnin Konni a 1899, suka zauna a Tawa, suka kara da Kel Geres a Zangebe da Galma a 1901.

Iri biyu hafsoshinsu suka fi riƙewa, duka ƙirar masana'antar gwamnati ta Saint-Étienne. Ta farko ita ce ta 1873, mai nauyi, mai faɗin baki milimita 11, wadda aka bari da farin ƙarfenta ba a rine ta ba. Gangarta mai ramuka 6 ba ta fitowa gefe, ta wata ƴar ƙofa ake ɗura mata harsashi ɗaya bayan ɗaya. Ta biyu ita ce ta 1892, siririya, mai milimita 8, gangarta na buɗewa ta hannun dama. A nan ne masu dubawa suka fi ruɗewa. Rubutun "Mle 1892" da ke bisa bututun, shekarar ƙirar ce kawai, alhali an yi ta ƙera wannan bindiga har 1924. Shekarar da aka yi ta tana gefen bututun, bayan harafin S. Ita ma ɗin ba ta nuna ranar isowarta Adar ba, domin bindigar da aka ƙera a 1896 tana iya kwana shekara 20 a rumbun makamai kafin a turo ta lokacin tarzomar Kawusan ta 1916 zuwa 1917, ko wani tsohon soja ya komo da ita bayan 1945.

Sauran kuwa hatiminsu ke tona su. Ta Liyej, a Beljiyam, tana ɗauke da haruffan ELG cikin da'ira. In da kambi a bisa da'irar, ba ta girmi 1893 ba. Webley ta sojan Ingila, mai karyewa ta sama, tana da alamar kan kibiya, kuma mai yiwuwa ta hanyar Sakkwato ta biyo bayan 1903. A lura kuma da sunan Saint-Étienne a kan hajar kamfanin Manufrance, wanda ɗan kasuwa ne, dabam da masana'antar gwamnati.

Game da daraja, ƴan kasuwar kayan tarihi a Turai suna duban ko lambobin sassan sun dace da juna, da ko an kankare ƙarfen. An yi dubban ɗaruruwan waɗannan bindigogi, don haka kuɗinsu bai kai abin da magada ke zato ba. A ganinmu, abin da ke rage mata kuɗi a can shi ne ke ƙara mata ƙima a nan: ƙusar da maƙerin Adar ya sauya, fatar da baduku ya naɗa wa mariƙinta, layar da aka ɗaura mata. Wanda ya goge tsatsa da yashi don ta yi ƙyalli, ya goge shekarar tare da ita.

Akwai kuma batun doka. Tun 1994 Nijar ta kafa hukumar tattara makaman da ake riƙe ba bisa ƙa'ida ba, kuma an ƙone makamai a bikin wutar zaman lafiya na Agadas a 2000. Ba mu ja da wannan aiki. Roƙonmu shi ne, kafin tsohuwar libarba ta bar gidan da take, a ɗauki hotonta, a kwafe duk rubutun jikinta, a naɗi bayanin dattijon da ya san wanda ya fara riƙe ta da yadda ya same ta, ko kyautar kumandan ce ga wani sarki ko ganimar yaƙi, sannan a nemi a miƙa ta ga gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai.