Daga Jaki Zuwa Boxer: Yadda Babur Ya Gaji Hanyoyin Karaye da Rogo

Yola ta Karaye mazaɓa ce a yammacin jihar Kano, a ƙasar da ta miƙe har Rogo ta yi iyaka da Katsina da Kaduna. Duk wanda ya sauka daga kwalta a wannan yanki da damina ya san abin da ke jiransa: burjin da ruwa ya zaizaye, kwazazzabo a tsakiyar hanya, laka mai riƙe taya, da rafin da ya kawo cikin dare ba sallama. A Turai da Amurka akwai masu biyan kuɗi su je neman irin wannan hanya a cikin duwatsu ranakun hutu, su da abokansu, a kan babura masu dogayen ƙafafu. A mazaɓun Yola da Turawa da Fulatan da Zarewa kuwa, hanyar kasuwa ce da ta asibiti, kuma mai bin ta buhu biyu ne a bayansa.

Ba babur ne ya fitar da waɗannan hanyoyi ba. Sawun mutane ne da na dabbobi. Kafin mota, jaki ne motar talaka: a ɗora masa akumari, a aza mangala ko taiki, a kai taki gona, a kwaso dawa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, aikin jaki ya ƙaru, domin shi ke fito da kaya daga lungu zuwa inda awo yake. Daga baya keke ya shigo, musamman Raleigh, wanda har masana'antarsa aka kafa a Kano. Malamin makaranta da ɗan kasuwa da mai neman aure duk sun hau shi, amma keke ba ya son rairayi, kuma ƙarfinsa iyakar ƙarfin cinyar mai shi ne.

Babur ya fara zuwa ƙauye ne a matsayin kayan ma'aikata. Ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 ya zuba kuɗi a aljihun ma'aikatan gwamnati a lokaci guda, da yawansu kuma kantin babur suka nufa. Zamanin Honda ne da Yamaha da Suzuki, da Vespa ta 'yan gayu, da Mobylette da ake tayarwa da feda. A wancan lokaci, in aka ji ƙarar babur a gari, an san ko hedimasta ne, ko malamin asibiti, ko malamin gona. Ba wanda ya ɗauke shi abin haya. Wanda ya goya ka ya yi maka alfarma ne, godiya ce kuɗinsa.

Talauci ne ya mayar da shi sana'a. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai matsakaicin hali, kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo, motocin haya suka riƙa mutuwa ba mai maye gurbinsu. Ma'aikacin da albashi bai isa ba ya fara fita da yamma yana ɗaukar fasinja, saurayin da bai sami aiki ba ya karɓi na wani yana kawo balas. Haka acaɓa ta kafu a Kano, kabu-kabu a Sakkwato da Nijar.

A daidai wannan zamani ƙasar Karaye ita ma ta sake fasali. Tsakanin 1990 da 1992 aka gina madatsar ruwa ta Challawa, mai tsayin mita 42 da tsawon kilomita 7.8, wadda kan riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900 in ta cika. Ruwa ya kwanta a kan gonaki da tsofaffin turbobi, tafiyar da a da ake yankewa ta zama zagaye. Amma ya zo da kifi da noman rani, su kuma kaya ne da ba sa jira. Kifi da tumatir ba za su kwana suna sauraron motar ranar kasuwa ba. Wanda zai kwashe su daga bakin ruwa zuwa bakin titi kafin rana ta yi zafi shi ne mai babur.

Sai kuma farashi ya sauko. Daga ƙarshen shekarun 1990 baburan ƙasar Sin, Jincheng a kan gaba, suka cika kasuwa da araha, har manomin da ya yi damina mai kyau ya iya sayar da masara ya sayi nasa. Jincheng ɗin da 'yan acaɓa suka fi hawa na da sauri amma yana da shan mai, sai an haɗa masa da baƙin mai, yana tafe yana turnuƙe hanya da hayaƙi. Bajaj Boxer na Indiya ne ya kwace filin daga baya, kuma ba don kyau ba. Kujerarsa doguwa ce, ba ya shan mai sosai, yana jure lodi, kuma kowane bakanike na gefen hanya ya san cikinsa. A ƙauye wannan na ƙarshe ya fi komai: babur ɗin da za a sami fulogi da cen da wayar kulocinsa a kasuwar mako shi ne babur.

Gwanintar hawan irin wannan hanya ilmi ce, ko da yake ba makarantar da ke ba da takardarta. In ɗan acaɓa ya iso rafin da ya ƙafe da rani, ba ya afka wa yashi da gudu. Sai ya sauko giya, ya ja jikinsa baya don gaban babur ya yi sauƙi, ya saki ƙafafu biyu suna shafar ƙasa, ya riƙe wuta daidai ba ƙari ba ragi. Ba ya taɓa birkin gaba, domin taɓa shi a cikin yashi faɗuwa ce. Wasu kan rage wa taya iska tun kafin su shiga. Da damina lissafin daban ne: ya tsaya ya dubi launin ruwan da saurinsa, ya nemi sawun wanda ya riga shi, in ruwan zai kai bakin salansa ya kashe inji, fasinja ya sauka ya naɗe wando, a tura tare. Ɗaurin kaya ma da ƙa'idarsa. Buhu mai nauyi kan kariya, a ɗaure shi da robar tsohon tub, wani lokaci a aza na biyu a kan tanki tsakanin hannuwan direba don gaba kada ya ɗaga a hawa.

Masu tseren Paris zuwa Dakar, da aka fara a ƙarshen 1978, sun sha ratsa Agadas da hamadar Tenere a kan babura, ga makanikai da motocin agaji a biye da su. Mutumin Rogo da ke fito da rake ko mazarƙwaila daga fadama ba shi da kowa a bayansa sai mai faci na gari na gaba. Nishaɗin ma bai rasa nasa ba. Kilisar da samari ke yi da dawaki ta koma kan babur: ranar Sallah da ranar kai amarya a jeru ana hon, wani ya ɗaga tayar gaba, wani ya miƙe tsaye a kan kujera. Dattawa na kiran wannan ganganci, kuma masu ɗori sun fi kowa sanin gaskiyarsu.

Tsakanin babur da hukuma ba a daɗe ana shiri. A 2005, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, aka hana 'yan acaɓa ɗaukar mata a birnin Kano, aka kawo babur mai ƙafa uku wanda sunan shirin A Daidaita Sahu ya bi shi har yau. A farkon 2009 aka tilasta sa hular kwano a faɗin ƙasa, wasu 'yan acaɓar Kano suka kifa ƙwarya a ka, labarin ya zagaya duniya. Babban sauyin ya zo a Janairun 2013, bayan 'yan bindiga sun kai wa ayarin Sarkin Kano Ado Bayero hari: gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana goyo a kan babur a cikin birni da kewaye. Dokar birni ce, amma ƙauye ya ji ta, domin samarin da ke zuwa cin rani da babur dole suka koma kan ƙafa uku ko suka dawo gida. Ƙafa uku kuwa ba ta iya turbar da faɗinta bai wuce na jaki da kayansa ba.

Abin da ya sa babur ya yi wa manomi rana shi ya sa ya yi wa ɗan ta'adda: yana shiga inda motar jami'an tsaro ba ta shiga. A 2021 jihohin Zamfara da Katsina da Kaduna da Sakkwato suka ƙaƙaba takunkumi a kan zirga-zirgar babura da sayar da fetur a jarka. Ga mutanen Rogo, waɗanda kasuwanninsu da danginsu ke tsallaken iyaka, a lokacin wannan na nufin dokar da ke kan babur ɗinka tana iya canzawa kafin ka isa inda za ka.

Wani bugun kuma daga gidan mai ya fito. Da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. A ƙauyen da ba gidan mai, inda ake saye a kwalba wajen 'yan bumburutu, ta fi haka tsada. Kuɗin hawa ya ninka, fasinja ya koma jiran na biyu don su raba, direba kuma ya koyi kashe inji a kowace gangara. Wasu magidanta sun jingine baburansu a zaure sai ranar kasuwa ko ta rashin lafiya, tsofaffin kekuna kuma suka koma hannun masu gyara.