Tarihin layi ɗaya: root-config --cflags --libs

1/ Duk wanda ya taɓa nazarin bayanai da ROOT ya san wannan layin. Mutane kwafe shi kawai suke yi su liƙa a bayan g++. Ni a ganina, gardamar kusan shekara 20 ce aka dunƙule a cikinsa. Ku biyo ni 🧵

2/ Kafin ROOT, masana kimiyyar lissafin ƙwayoyin zarra a CERN da Fortran suke aiki: CERNLIB da PAW. A tsakiyar shekarun 1990 René Brun da Fons Rademakers suka fara rubuta ROOT da C++. Hukumar CERN a lokacin wata hanya daban ta bi. Sai da Fermilab ta Amurka ta rungumi ROOT tukuna, kana a 2002 CERN ta ɗauke ta a hukumance.

3/ Abin da ya ja mutane shi ne CINT, tafintan C++ da Masaharu Goto ya rubuta a Japan. Ka buga umarni, nan take zane ya fito, babu jiran kamfaila.

4/ Amma fa CINT akwai kawaici. Ka sa ɗigo inda C++ ke son kibiya, ya wuce da kai. Ka kira wani abu da ke cikin fayil da sunansa ba tare da ka gabatar da shi ba, ya nemo maka. Ɗalibi sai ya shekara yana ganin ya iya C++, alhali yaren CINT ya iya. Ga nawa kuma, in bayanan sun kai miliyoyi.

5/ Ranar da ya ce zai mai da aikin manhaja mai zaman kanta, da main() nata, ranar ake yin ta. Kamfaila ba ya kawaici. In ya tsallake wannan, linka na jiransa da "undefined reference", don kawai an sa sunan laburare kafin fayil ɗin da ke buƙatarsa. Ajin da ya ƙirƙira ba zai shiga fayil ba sai ya yi masa ƙamus da rootcint. Ya manta TApplication kuwa, tagar zane ba za ta tsaya ba.

6/ Aikin root-config ke nan: ya faɗa wa kamfaila inda kanun fayilolin suke, ya jero wa linka laburaren a kan tsari.

7/ Da wannan ROOT ɗin ta zamanin CINT aka zana sakamakon Higgs na 4 ga Yuli 2012.

8/ A 2014 ROOT 6 ta fito, Cling ya gaji CINT. An gina shi a kan Clang da LLVM, wato tafintan kansa kamfaila ne na gaske. Yawancin kawaicin nan ya ƙare, rootcint ya koma rootcling. Ni dai har yau duk sakamakon da zai shiga takardar bincike na fi yarda da shi in ya bi ta g++.